Cila Mai Farfela: Injin da Ke Sanyaya Manyan Gine-gine da Ruwa

Babban otal, asibitin koyarwa, filin jirgin sama ko masana'antar magunguna ba a cika sanyaya su da iyakwandishan ɗaiɗai a kowace taga ba. Akan ware ɗaki guda, galibi a ƙarƙashin ƙasa ko a bayan ginin, a girke injin da masu aikin ke kira cila. Aikinsa sanyaya ruwa ne kawai. Ruwan yana fita daga cikinsa a kan digiri 7 na ma'aunin Salsiyos, famfuna su tura shi cikin bututai zuwa kowane hawa, ya ratsa ta wasu siraran bututai da fanka ke hura wa iska, iskar ta yi sanyi ta shiga ɗakuna, ruwan kuma ya dawo da ɗan ɗumi, wajen digiri 12, a sake sanyaya shi. Cila iri-iri ne, amma idan aiki ya yi girma wanda aka fi dogara da shi shi ne mai farfela, wanda shi kansa da wani ruwan daban ake kwashe masa zafi.

Ana auna ƙarfin waɗannan injina da tan. Tan ɗaya na sanyi shi ne yawan zafin da ƙanƙara mai nauyin kilo 907 za ta zuƙa kafin ta narke cikin awa 24, wato kilowat 3.5 ke nan. Iyakwandishan na gida da ake sayarwa a kasuwa da sunan hos ɗaya da rabi bai wuce tan ɗaya ba. Cila mai farfela kuwa yana farawa daga wajen tan 200, kuma akwai wanda shi kaɗai yake ba da tan dubu biyar. Mahajjatan da ke jin sanyi a cikin Masallacin Harami na Makka ruwan irin waɗannan injina ne ke yi musu aiki, daga tashoshi biyu da ke Shamiyya da Ajyad, waɗanda hukumar kula da masallacin ta ce ƙarfinsu a haɗe ya haura tan 150,000. A Madina tashar tana nesa da Masallacin Annabi da kimanin kilomita 7, bututan ruwan kuma ta rami suke bi a ƙarƙashin ƙasa. Sanyin daɓen wurin ɗawafi dai ba aikin cila ba ne, ko da yake mutane da yawa haka suke zato: dutsen marmara ne da ake kawowa daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, wanda ba ya riƙe zafin rana.

Injiniyan Amurka Willis Carrier ne ya fito da wannan inji a 1922 a garin Newark na jihar New Jersey. Kafin nan galibin injinan sanyi masu fistin ne, kuma da amoniya suke aiki, gas mai guba da ba wanda zai so ya ajiye a ƙarƙashin gidan sinima cike da jama'a. Injin Carrier ya fi su ƙanƙanta a kan ƙarfi iri ɗaya, sassansa masu motsi kaɗan ne, kuma ruwan sanyi yake aika wa ɗakuna, gas ɗin na nan tsare a ɗakin inji. A 1924 aka girke shi a babban kantin J. L. Hudson da ke Detroit, a 1925 kuma a sinimar Rivoli ta New York. Daga nan ya bazu.

Ganguna biyu da farfela ɗaya

Wanda ya shiga ɗakin cila zai ga manyan gangunan ƙarfe biyu kwance gefe da gefe, da kwamfireso mai siffar katantanwa a kansu. Ɗaya gangar an naɗe ta da baƙin soso don kada ta yi gumi. Ita ce gangar sanyi. Ɗayar, mai ɗumi idan an taɓa, ita ce kwandensa. Kowace cike take da ɗaruruwan bututan tagulla. Ruwa yana bi ta cikin bututan, gas ɗin sanyi yana wajensu, kuma ba su taɓa haɗuwa sai idan bututu ya fashe.

A gangar sanyi gas ɗin yana a matsayin ruwa-ruwa, yana rufe da bututan. Saboda matsin da ke cikin gangar ƙasa yake, yana tafasa a kan digiri 4 ko 5 kacal. Duk abin da zai tafasa sai ya sami zafi daga wani wuri, shi kuma daga ruwan ginin da ke wucewa cikin bututan yake zuƙarsa. Ta haka ruwan ke sauka daga 12 zuwa 7. Tururin da ya tashi kwamfireso yake ja.

A nan ne wannan inji ya bambanta da na firji ko na mota. Babu fistin, babu abin da ke matse gas a cikin rufaffen aljihu. Farfela ce ke juyawa da gudu, tururin ya shiga ta tsakiyarta, ta wurga shi gefe da ƙarfi. Daga bakinta yana shiga wata hanya da ke ƙara faɗi a hankali, gudunsa ya ragu, abin da ya rasa na gudu ya koma matsi. Wasu kamfanoni suna ɗora farfela biyu ko uku a kan sanda ɗaya da injin lantarkin, tana juyawa sau 3,000 a minti a ƙasashen da wutarsu ke kan 50 Hz kamar Najeriya da Nijar; tsarin da aka san Trane da shi ke nan. Wasu, kamar York da Carrier a fitattun samfuransu, farfela ɗaya suke sawa da giya mai ninka gudun har ya kai ko ya haura 10,000.

Tururin da aka matsa yana shiga kwandensa da zafi. Wani ruwan daban yana ratsa bututanta, yana shiga a kan kimanin digiri 29 yana fita a kan 35. Tururin ya ba shi zafinsa ya koma ruwa-ruwa, ya gangaro ta wata ƙaramar kafa ko bawul mai tanƙwalo da ke rage masa matsi, ya faɗa gangar sanyi, zagaye ya sake farawa. Saboda haka zagaye uku ne ke tafiya a lokaci guda: ruwan sanyi tsakanin cila da ɗakuna, gas a cikin injin, da ruwan kwandensa tsakanin cila da hasumiyar sanyaya ruwa da ke kan rufi.

Abin da ya kamata mai kula da inji ya riƙe a ransa kafin komai shi ne tazarar da ke tsakanin matsin gangar sanyi da matsin kwandensa. Injin zafi yake ɗauka daga wuri mai digiri 5 ya ɗaga shi zuwa wuri mai digiri 36 ko 37, kuma kuɗin wuta na wannan ɗagawar ne. Duk abin da ya faɗaɗa tazarar, ko datti a bututu, ko ruwan hasumiya da bai yi sanyi ba, ko rage ma'aunin ruwan sanyi ba gaira ba dalili, yana ƙara cin wuta. Ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi shi ne kowane digiri ɗaya na ƙari yana cin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Idan komai na tafiya daidai, cila mai tan 1,000 yana shan kilowat 550 zuwa 600 ya kwashe zafin kilowat 3,500, wato ninki shida na abin da ya ci. Takwaransa da ake sanyayawa da iska yana iya shan kusan ninki biyu na haka a rana mai zafi. Dole dai a ƙara wutar famfuna da fankokin hasumiya a lissafin mai ruwan, amma ko da an ƙara yana gaba.

Hasumiya da ruwanta

Dalilin wannan fifiko yana kan rufi. A hasumiyar sanyaya ruwa ana yayyafa ruwan kwandensa daga sama ya gangaro ta cikin wasu faifan roba masu lanƙwasa, babbar fanka tana jan iska ta cikinsu. Ɗan kaɗan daga ruwan yana ƙafewa ya tafi da zafin sauran, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar da ke bushewa a jikinta. Iyakar sanyin da hasumiya za ta iya kaiwa ba zafin iskar da aka saba ji a rahoton yanayi ne ke yanke ta ba. Ana naɗe kan ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle a hura masa iska, abin da ya nuna shi ne iyakar, kuma hasumiya mai kyau tana kusantarsa da digiri 3 ko 4.

Wannan yana da ma'ana ta musamman a ƙasashen Sahel. A watan Afrilu a Kano, Sakkwato ko Yamai zafi yana haura digiri 40, injin da ke dogara da iska yana wahala, amma da yake iskar busasshiya ce, ma'aunin jiƙaƙƙen kai yana ƙasa sosai, hasumiya kuma tana ba da ruwa mai sanyi. A Legas zafin bai kai haka ba, sai dai laimar iska tana hana ruwa ƙafewa, don haka hasumiya ta fi shan wuya a can. Ta fuskar yanayi kawai, arewa ta fi dacewa da cila mai ruwa.

Sai dai ruwan da ke ƙafewa ba ya dawowa. Kowane tan yana ƙafar da kimanin lita 7 a awa idan inji na cikakken aiki, wato cila mai tan 1,000 yana shan lita 7,000 a awa. Gishiri da farar ƙasar da ke narke a cikin ruwan kuwa ba sa ƙafewa, suna nan suna taruwa. Shi ya sa ake zubar da wani kaso na ruwan da gangan a maye shi da sabo, abin da ke ƙara yawan ruwan da ake bukata. Inda ruwan rijiyar burtsatse ne mai yawan ma'adinai, ba a jimawa farin ɓawo yake daskarewa a cikin bututan kwandensa, kuma ɓawon da bai kai kaurin farce ba ya isa ya hana zafi wucewa yadda ya kamata. Ƙurar hunturu ma tana da nata: hasumiya tana wanke duk iskar da ta ja, ƙurar ta koma laka a cikin kwanonta, lakar ta bi famfo zuwa kwandensa. Wurin da ba shi da tabbataccen ruwa, ko ba zai iya sayen sinadaran gyaran ruwa a kai a kai ba, gara ya haƙura da wannan inji komai kyawun alƙalumansa a takarda.

Akwai kuma batun lafiya. Ruwan hasumiya yana zama tsakanin digiri 25 da 35, daidai ɗumin da ƙwayar cutar Legionella ke so, fanka kuma tana fesa ɗigon ruwan cikin iska. An san cutar ne bayan taron tsofaffin sojojin Amurka a otal ɗin Bellevue-Stratford da ke Philadelphia a 1976, inda fiye da mutum 180 daga mahalarta suka kamu da ciwon huhu mai tsanani, 29 suka rasu. A 2015 wata hasumiya a unguwar Bronx ta New York ta jawo annobar da ta sa birnin ya kafa dokar yi wa kowace hasumiya rajista da gwada ruwanta. Maganin abin ba boyayye ba ne: sinadarin kashe ƙwayoyi kamar kulorin, wanke kwano daga laka da gansakuka, faifan tare feshi a ƙarƙashin fanka, da nisanta hasumiya daga kafar da gini ke shaƙar iska.

Lokacin da aiki ya yi ƙasa

Gini ba ya bukatar cikakken sanyi sai awoyi kaɗan a shekara. Yawancin lokaci cila yana aiki ne a kan rabi ko kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. A bakin farfela akwai wasu fukafukan ƙarfe da ke buɗewa su rufe, suna rage yawan tururin da ke shiga. Injinan zamani suna da na'urar da ke rage gudun injin lantarkin kansa, kuma ita ce ta fi kawo sauƙin wuta, musamman idan ruwan hasumiya ya yi sanyi, domin ƙaramar tazara ba ta bukatar gudu mai yawa.

Amma farfela tana da iyaka. Tun da ba ta kulle gas a ko'ina, turarsa kawai take yi, idan tururin da ke wucewa ya yi kaɗan alhali matsin kwandensa yana sama, sai ƙarfinta ya gaza, gas ya juyo baya ta cikinta, matsi ya faɗi, ta sake kamawa, bayan 'yan daƙiƙu abin ya maimaitu. Masu aikin suna kiransa saj. Ba a rasa gane shi: injin yana wani irin gurnani mai hawa da sauka, allurar ma'aunin wuta tana lilo, bututai suna girgiza. Na ɗan lokaci ba ya kashe inji, amma idan aka bari ya daɗe yana cinye boris ɗin da ke tare sandar farfela, yana kuma iya lalata farfelar. Mai gyara da ya ji wannan ƙara ya fara kwance kwamfireso ya yi gaggawa. Sau da yawa laifin yana waje: bel ɗin fankar hasumiya ya saki, rariyar famfo ta toshe, bututan kwandensa sun yi datti, ko iska ta shiga cikin injin.

Ruwan hasumiya da ya yi sanyi fiye da kima shi ma matsala ne, abin da kan faru da asubar hunturu. Injin yana bukatar ɗan matsi domin gas ya gangara daga kwandensa, mai ya koma mazauninsa, injin lantarki kuma ya sami gas ɗin da ke sanyaya shi. Ana magance wannan da rage gudun fanka ko karkatar da wani ruwan kada ya hau hasumiya.

Tayar da cila yana da tsari. Famfon ruwan sanyi ke fara tashi, sai na kwandensa, sai na'urar injin ta tabbatar ruwa yana gudana a gangunan biyu. Daga nan famfon mai ya jiƙa boris, fukafukan bakin farfela suna rufe, sannan injin lantarki ya tashi su buɗe a hankali. Sharaɗin gudanar ruwa ba na wasa ba ne: idan gas yana tafasa alhali ruwa na tsaye a cikin bututu, ruwan zai daskare ya fasa tagullar, ruwa ya malala cikin injin, gyaran kuwa yakan ci watanni. Ma'aikacin da ya haɗe wayar makunnin da ke gwada gudun ruwa don injin ya daina kashe kansa ya cire abin da ke tsakaninsa da wannan asarar.

Man injin ma yana da tasa ƙa'idar. Idan inji na tsaye mai ya huce, gas yana narkewa a cikinsa, in an tayar sai ya yi kumfa ya kasa riƙe boris. Don haka akwai hita da ke ajiye shi da zafin wajen digiri 55 zuwa 60 ko da inji a kashe yake. A wurin da wuta ke ɗaukewa na tsawon awoyi, wajibi ne hitar da na'urar sarrafa injin su kasance a kan layin da ba ya yankewa, in ba haka ba sai an jira mai ya yi zafi bayan wuta ta dawo. Babban injin lantarki yana fizgar wuta ninki biyar zuwa shida na abin da yake ci a lokacin tashi idan kai tsaye aka haɗa shi, abin da janareto da yawa ba sa ɗauka. Na'urar rage gudu tana kawar da wannan fizgar. Tsakanin tashi da tashi kuma injin yana tilasta jira na mintuna, don wayoyinsa su huce. Injinan da sandarsu ke shawagi a kan maganaɗisu, irin kwamfireson Danfoss Turbocor, ba su da mai kwata-kwata, sun huta da wannan duka, sai dai kayan lantarkinsu ba sa jure wuta mai hawa da sauka, kuma ba kowane gari ake samun mai gyaransu ba.

Gas ɗin da ke ciki

Shekaru da dama R-11 da R-12 ne suka mamaye wannan fage, har aka gano suna lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawo ƙarshensu, ƙasashe masu tasowa suka daina a 2010. R-123 da R-134a suka maye gurbinsu. Na farkon yana kan hanyar fita, wa'adin ƙasashe masu tasowa 2030 ne. Na biyun ba ya taɓa ozon amma yana ɗumama duniya ninki 1,430 na iskar kabon, shi ya sa gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali ta Ruwanda a 2016 ya sa a riƙa rage irinsa. Sababbin injina suna zuwa da R-1233zd, R-514A, R-513A ko R-1234ze. Wanda zai sayi injin da zai yi shekara 25 yana aiki ya kamata ya tambayi ko za a sami gas ɗinsa a kasuwa har ƙarshen rayuwarsa.

Ga mai kula da inji, bambancin da ya fi shafarsa na matsi ne. R-134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, don haka ko'ina a cikin injin matsinsa ya fi na waje, in akwai kafa gas ne ke fita. R-123 sai a kusan digiri 28 yake tafasa, gangar sanyi tana aiki ƙasa da matsin iskar waje, in akwai kafa iska da laima ne ke shiga. Iskar tana taruwa a saman kwandensa ta ɗaga matsi, laimar kuma ta haɗu da gas ta zama asid. Irin waɗannan injina suna da ƙaramar na'ura mai tace iskar ta fitar, kuma yawan mintunan da take aiki a rana shi ne ma'aunin girman kafar. Dukkan waɗannan gas sun fi iska nauyi, suna kwanciya a ƙasa su kori iskar numfashi, shi ya sa ɗakin cila ke bukatar na'urar sansano gas, fankar fitarwa daga ƙasa, da bututun bawul ɗin kariya da ke kaiwa waje.

Abin da ke haɗa duk wannan shi ne littafin aiki, inda ake rubuta zafin ruwa mai shiga da mai fita a kowace ganga, matsi, zafin mai da yawan wuta, sau biyu ko uku a rana. Adadi ɗaya ya fi sauran amfani: bambancin da ke tsakanin zafin gas a kwandensa da zafin ruwan da ke fita daga cikinta. A sabon inji digiri ɗaya ne ko ƙasa da haka. Idan ya hau zuwa uku, bututai suna bukatar buroshi, ko da inji yana ba da sanyi kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Haka nan idan ruwan gini yana fita a 7 yana dawowa a 9 maimakon 12, laifin na bawuloli da na'urorin ɗakuna ne, kuma yana sa a tayar da cila na biyu alhali na farko bai cika aikinsa ba. Ana wanke bututan kwandensa sau ɗaya a shekara, a kai samfurin mai ɗakin gwaji don a ga ko akwai ruwa, asid ko ɓurɓushin ƙarfe, duk bayan shekara uku zuwa biyar kuma a gwada kaurin tagullar da na'urar lantarki. Inda ake yin waɗannan, cila mai farfela yana kai shekara 25 zuwa 30 yana aiki. Inda aka bar ruwan hasumiya ba magani, bututansa kan lalace tun kafin haka.